Giya ba ta ƙara wa inji ƙarfi

A Tasawa, saurayin da ke son baburinsa ya yi wa na abokai fintinkau yakan fara ne da haƙoran sarƙa: bakanike ya sa faifai babba a gaba ko ƙarami a baya, sai a hau kwaltar RN1 da ta ratsa garin tsakanin Maraɗi da Damagaram a gwada. A ganina akasarinsu asarar kuɗi suke yi, domin giya ba ta ƙara wa inji ƙarfi, raba shi take yi tsakanin ja da gudu. Lissafin a fili yake. In faifan gaba na da haƙori 14, na baya 42, sai na gaba ya juya sau 3 kafin taya ta zagaya sau ɗaya. A sa mai 15, juyin ya koma 2.8, jan da ke isa taya ya ragu da kusan kashi 7 cikin ɗari a kowace giya. Babur zai tashi da nauyin jiki, alhali tseren gajeren zango tun daga tashi ake cin sa.

Masu wannan wasa a Amurka, inda aka kafa ƙungiyar tseren motoci ta NHRA a 1951, sun daɗe da gane haka. Zangonsu na asali mita 402 ne, kuma sukan zaɓi giyar da za ta kai inji ƙololuwar juyinsa daidai bakin layin ƙarshe. Motocinsu mafiya gudu, Top Fuel, ba sa ma canja giya, amma suna cinye mita 305 cikin ƙasa da daƙiƙa 4, kuma hankalin makanikansu na kan kuloci da kamun taya.

Wani zai ce doguwar giya tana rage shan mai. Gaskiya ne ga wanda ke doguwar tafiya shi kaɗai a kwalta. Amma ɗan kabu-kabun da ya ɗauko fasinja da buhun hatsi ya shiga yashin ƙauyukan Mayahi, kulocinsa ne zai biya bashin: ya yi ta jan sa don kada inji ya mutu har ƙauri ya tashi. Wani kuma zai ce to a gajarta giyar iya gajartawa. Nan ma akwai iyaka, don inji zai ƙure tun ba a kai ƙarshe ba, taya kuma ta riƙa tonon rairayi a wuri ɗaya. Hanya da kaya su ne ma'auni, kuma haƙoran da kamfani ya sa sun fi dacewa da aikin yau da kullum.

Saboda haka makanikai su riƙa tambayar mai babur inda yake bi kafin su kwance sarƙa. Masu sha'awar tsere kuma su nemi fili nesa da gari, su sa hular kwano, su bar wa manyan motoci, amalanke da ƴan makaranta kwaltarsu.