Tsokaci Kan Shirin Katangar Bishiyoyi a Zamfara

A 2007 ne Tarayyar Afirka ta amince da shirin Babbar Katangar Bishiyoyi, Nijeriya kuwa ta kafa hukumarsa a 2015, kuma Zamfara na cikin jihohi 11 da ya shafa. Daga cikin hujjojin neman kuɗin waje akwai cewa itatuwa na zuƙe iskar kabon. To amma dashen da awaki suka cinye kafin bazara bai zuƙi kome ba, alhali shi rahotanni kan ƙirga. Sa'an nan wa zai shiga dajin Munhaye na Tsafe auna itace, inda 'yan bindiga suka yi sansani? A ganinmu, gawon da manomin Bungudu ya raina a gonarsa, irin yadda manoman Maraɗi ke yi tun wajen 1983, shi ya fi cancantar wannan kuɗi.