Taliyar Dare a Zawaciki Tana Buƙatar Romonmu

Teburin mai shayi ya sauya kama a Kano. A da, abin da ake jerawa a kansa burodi ne da gwangwanayen madara da kiret ɗin ƙwai, ga babbar butar shayi tana tafasa a gefe. Yanzu katan-katan na indomi ne suka cinye rabin teburin, kuma da yawa daga cikin masu zama a benci bayan sallar isha'i ba shayin ne ya kawo su ba. A kan hanyar Panshekara, daga Sharada har Zawaciki da Challawa, wannan sauyi ya fi fitowa fili, domin nan ne mutanen da ba sa barci da wuri suke: masu aikin dare a kamfanonin roba da na jima, masu gadi, 'yan dako, 'yan adaidaita sahu, da direbobin tirela masu jiran lodi, musamman tun da aka buɗe tashar tsandauri ta Dala a Zawaciki a Janairun 2023.

Ba na cikin masu raina wannan abinci. Mutumin da ya tashi daga aiki ƙarfe goma sha ɗaya na dare, iyalinsa na ƙauye ko sun daɗe da kwanciya, yana buƙatar abu mai zafi da za a sauke masa cikin minti biyar, kuma aljihunsa ya iya ɗauka. Mai shayi ne ya tsaya masa. Kuma duk wanda ya zura ido ya ga yadda gwani yake aiki zai san sana'a ce ta gaske. Tukunya biyu a wuta, kasko a gefe, yana yanka albasa da attaruhu a tafin hannunsa, yana riƙe da buƙatar kowa a ka. "Malam, da romo ko a soya?" "A soya, Maigida, ƙwai biyu, kada yaji ya yi yawa." Gobe idan mutumin ya dawo ba sai an sake tambayarsa ba. Wani ma bashi ake rubuta masa har ƙarshen wata.

Damuwata ita ce duk wannan ƙwarewa ta tsaya ne a kan ɗan ƙullin sinadarin da ke cikin leda. Ka ci a Bompai, ka ci a Sharada, ka ci a Zawaciki, ɗanɗanon ɗaya ne, domin ba mai shayin ne ya haɗa shi ba, masana'anta ce.

Asalin wannan taliya Japan ne. Wani ɗan kasuwa, Momofuku Ando, shi ya fara fitar da busasshiyar taliya mai saurin dahuwa a 1958, yana kwaikwayon ramen, wato taliyar da ake ci a cikin romo. Indomie kuwa daga Indonesiya ta fito, ta shigo Najeriya a ƙarshen shekarun 1980, aka kafa masana'antarta a Ota ta Jihar Ogun a tsakiyar shekarun 1990, daga baya aka yi wata a Kaduna. Abin da ya iso mana kwaikwayon ne. Ainihin ramen ɗin a can ba a leda yake ba. A birnin Fukuoka akwai 'yan rumfunan tafi-da-gidanka kusan 100 da ake kafawa da yamma a kwashe kafin gari ya waye, galibinsu ba sa ɗaukar fiye da mutum goma. A unguwar Nagahama ta birnin, an sirantar da taliyar ne don ta dahu da wuri saboda ma'aikatan kasuwar kifi da ba su da lokacin jira. Abincin leburori ne, kamar namu. Amma abin da mai rumfa yake alfahari da shi romonsa ne, wanda yake kwashe sa'o'i yana dafa ƙashi kafin ya samu, kuma saboda romon ake barin wata rumfa a tafi wata. Nasu na Fukuoka da ƙashin alade ake yi, don haka ba abin cinmu ba ne, matafiyi Musulmi ma sai ya tambaya kafin ya zauna. Darajar da suka ba tukunyar nan ita nake so mu duba.

Shin mu ba mu da romo ne? Garin da ake farfesun kai da ƙafa, da na kayan ciki, da na jelar sa? Muna da daddawa, da citta, da masoro, da kanumfari, da kimba. Muna da ƙashin sa da na rago a wurin mahauta. Kai, taliyar ma muna da tamu. Matan Kano sun daɗe suna murza taliyar Hausa a gida, su shanya ta a kan igiya, a ci da manja da yaji, kuma alkama na fitowa a Kadawa da Kura. Ita 'yar murjin nan ba ta daɗewa a wuta. Amma da wuya ka gan ta a teburin mai shayi, an bar ta a matsayin abincin yara da rana.

Akwai kuma maganar lafiya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babban mutum ya kai giram 5 na gishiri a yini. Wanda ya juye sinadarin leda biyu, aka ƙara masa dunƙulen magi, kuma haka yake yi kusan kullum, ya ci babban kaso na wannan a zama ɗaya. Direban da ke yini a zaune da mai gadin da ya haura hamsin su hawan jini ya fi nema. Romon da aka dafa da ƙashi da daddawa ba ya buƙatar gishiri mai yawa kafin ya yi daɗi.

Na san uzurin da za a kawo, kuma mai ƙarfi ne. Gas da gawayi sun yi tsada, ledar indomi ba ta lalacewa, romo kuwa idan ya kwana babu firij ya tashi daga aiki. Amma mai farfesu da mai shayi sau da yawa layi ɗaya suke, wani lokacin ma rumfa ɗaya ce ta raba su. Ba sai kowa ya dafa nasa ba. Mace guda a Zawaciki za ta iya dafa babbar tukunyar romo da la'asar ta raba wa teburi uku ko huɗu, wata kuma ta kawo taliyar murji, kuɗin ya tsaya a unguwa.

Masu shayi na hanyar Panshekara, ku gwada ko da ƙaramar tukunya ce, ku rage rabin sinadarin, ku zuba romo ludayi biyu, ku ga ko mai ci zai dawo. Mu kuma masu zama a benci mu riƙa tambaya, mu yarda mu ɗora ɗan abu a kan kuɗin, domin mai sana'a ba ya dafa abin da ba a nema.