Jinjina ga Masu Koyar da Sana'a a Panteka

A tsohuwar kasuwar Panteka da ke Kaduna babu allo babu alli, amma ko wace rumfa aji ce. Uba zai kawo ɗansa ya ce, "Maigida, ga amana." Shi ke nan, an ɗauki ɗalibi.

Yaro yakan fara da shara da miƙo guduma. Sannu a hankali a bar shi ya kankare tsatsa, ya yanka ƙarfe, har ranar da za a miƙa masa abin walda a ce ya haɗa ƙafar murhu. In ya ɓata, a sa shi ya sake. Asarar ƙarfen kuwa ta maigida ce, shi da ke ba shi kuɗin abincin rana. Daga waɗannan rumfuna ƙofofi, tukwanen dalma da injinan niƙa suke fitowa, tare da matasan da ba sa yawon neman aiki da takarda a hannu.

An daɗe ana raina masu sana'ar Panteka don ba su da satifiket. Yanzu Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna, maƙwabciyarsu, ta haɗa kai da su don tantance ƙwarewar masu koyo a ba su shaida. An makara, amma gwamma haka.

Allah ya ƙara wa hannunku albarka. Hukuma kuma, a ba su wutar lantarki tsayayya.