Tulun zumuntar mata da piyanon matasa

Waƙoƙin bishara da masu sauraro ke turo mini don in sa a rediyo iri biyu ne, kowanne da yadda yake roƙon Allah.

Na matasa a situdiyo ake haɗa su, da piyano da sautin kwamfuta. Kiɗan ba laifi. Amma ku kasa kunne ga roƙon: mota, biza, aure, faɗuwar maƙiyi, duk da bakin mutum ɗaya. Alhali addu'ar da Yesu ya koyar a Matiyu sura 6 da bakin jama'a take, abincin yini guda kuma ta roƙa.

Na zumuntar mata su ne suka riƙe wannan. Tulu da kacau-kacau kawai, ɗaya ta bayar, saura su amsa. A ciki za ka ji damina, da mai naƙuda, da ɗan da ya tafi ci-rani Libiya shiru, har da maƙwabciya Musulma da ke jinya. Ɗaukar sautin takan yi muni, amshin ya yi ta maimaituwa har lokacin shiri ya ƙare (mai kula da na'ura ya sha harara ta).

Duk da haka su nake fara sawa. Da aka ƙona majami'u a Damagaram da Yamai a Janairun 2015, ikilisiya ta bukaci abin da mutum ɗari za su iya furtawa tare, ba wuta, ba lasifika. Waƙar neman biza ba ta rerawa a kan toka.