Marubutan Kano da Ƙungiyoyinsu: Ina Mai Jan Biro?

Duk wanda ya taɓa riƙe ƙaramin littafin Hausa irin waɗanda aka buga a Kano a farkon shekarun 1990 ya san ba labari kaɗai ke cikinsa ba. A bango akwai tambarin ƙungiya. A ciki kuma akwai jerin littattafan 'yan ƙungiyar, waɗanda suka fito da waɗanda ke tafe, wani lokaci har da hoton marubutan a jere. Mutum ya sayi takarda da kuɗin aljihunsa, ya biya maɗaba'a, sannan ya ware shafi guda yana tallata hajar wani. Shafin nan ya isa ya nuna abin da ya haɗa marubutan. Ba kaɗaici ne ya tara su ba, larura ce.

A da can marubucin zube bai buƙaci ɗan'uwansa marubuci kafin littafinsa ya fito ba, hukuma yake buƙata. Gasar da Rupert East ya shirya a Zariya a 1933 ita ta fito da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa. Daga baya hukumar NORLA ta karɓi aikin, sannan kamfanin ɗab'i na NNPC da aka kafa a 1966. Ka aika rubutunka Zariya, ka zauna jira, edita ya bi shi da jan biro. Masu waƙa ne suka riga kowa gane daɗin haɗuwa, domin a shekarun 1970 ƙungiyar Hikima ta Alhaji Mudi Sipikin tana tara mawaƙa a Kano, suna rera waƙoƙinsu a gaban juna da kuma gidan rediyo.

Sai tattalin arziki ya karye. Bayan shigowar tsarin SAP a 1986 takarda ta yi tsada, manyan kamfanoni suka koma kan littattafan makaranta inda riba take da tabbas. A daidai lokacin kuma shirin ilimin firamare kyauta na 1976 da azuzuwan yaƙi da jahilci sun yaye ɗimbin matasa da matan aure masu ƙishirwar karatu da Hausa. Ga masu karatu, ga masu son rubutu, babu mai bugawa. A wannan giɓin ne ƙungiyoyin Raina Kama da Kukan Kurciya da Jigon Hausa suka tsiro.

Raina Kama ce ta fi shahara, da irin su Ado Ahmad Gidan Dabino, da Ɗan'azumi Baba Ceɗiyar 'Yan Gurasa, da Aminu Hassan Yakasai, da Balaraba Ramat Yakubu. Abin da sabon marubuci ke samu a wurinsu ba darasin adabi ba ne. Za a gaya masa wace maɗaba'a ce ba ta cin amana, wa ya iya zanen bango, kwafi nawa ya kamata ya fara da shi don kada jarinsa ya kwanta, da wane dillali ne a kasuwa ke biya in ya sayar, wane ne kuma sai an yi ta sintiri. A nan ake koyon raba labari gida biyu ko uku, kuɗin na ɗaya su buga na biyu. Ƙungiyar ta zama kamfanin ɗab'i, ta zama sashen talla, ta kuma tsaya wa baƙo a gaban 'yan kasuwa. Ga mace kuwa abin ya fi haka nauyi. Wadda ba za ta iya yawon maɗaba'a da kasuwa ba, 'yan ƙungiya ne ƙafafunta. Ba mamaki daga baya mata suka kafa nasu, irin su Kallabi da Mace Mutum.

Amfani na biyu shi ne kariya. Da Ibrahim Malumfashi ya laƙaba wa littattafan sunan Adabin Kasuwar Kano, muhawara ta ɓarke a jaridu shekara da shekaru, Yusuf Adamu da Ibrahim Sheme da Abdalla Uba Adamu duk suka shigo fage. Wannan faɗan alƙalami ne, ya ma ƙara wa littattafan suna. Na gaske ya zo a 2007, lokacin da aka ƙona littattafan Hausa a bainar jama'a a ƙarƙashin shirin A Daidaita Sahu. A 2008 kuma Hukumar Tace Finafinai da Ɗab'i ta Kano, a zamanin Abubakar Rabo Abdulkarim, ta nemi marubuta su yi rajista kuma a riƙa tace rubutunsu. Ƙungiyoyin da ba kullum suke ga maciji da juna ba suka haɗa kai da ƙungiyar marubuta ta ANA reshen Kano suka yi magana da murya ɗaya. Da ɗaiɗai aka tarar da su, da labarin ya sha bamban.

Amma akwai abin da Zariya ke yi wanda ƙungiyoyin ba su gada ba, shi ne jan biron nan. Je ka zaman karatu na marubuta ka kasa kunne. Matashi zai miƙe ya karanta shafi uku, muryarsa na rawa. Ya gama, a tafa. Na farko ya ce, "Ma sha Allah, Allah ya ƙara basira." Na biyu ya gyara masa rabin kalma, ya nuna inda ya haɗe "ba" da abin da ya kamata ya raba. Shi ke nan. Da wuya ka ji wanda zai ce masa jarumar nan taka ba ta da dalilin yin abin da ta yi, ko kuma babin nan gaba ɗayansa cire shi. Gyaran ƙa'idar rubutu ba ya ɓata zumunci, shi ya sa kowa ke fakewa a nan. Gyaran labari kuwa yana taɓa zuciya, kuma wanda za ka gyara wa shi ne ya zo sunan ɗanka makon jiya, shi ya tsaya a kan jana'izar mahaifinka. Kunya da kara suka rufe bakin kowa. Ni a ganina wannan ne ya sa littattafai da yawa na wancan zamani, masu jigo mai ƙarfi da harshe mai zaƙi, suka fito da tsawon da ba su buƙata da ƙarshen da aka yi cikin gaggawa. Masu suka sun ɗora laifin a kan ƙarancin ilimin marubutan. Ban yarda ba. Balaraba, wadda aka cire daga makaranta tana yarinya, ita ta rubuta Alhaki Kuykuyo Ne. Basira ba ta yi ƙaranci ba, mai karanta rubutu kafin a buga ne babu.

Akwai kuma ciwon shugabanci. Da zarar ƙungiya ta yi ƙarfi sai zaɓe ya zo, wanda ya faɗi ya janye da mutanensa ya buɗe tasa. Wasu kuma harkar fim ta ɗauke su tun tsakiyar shekarun 1990, aka bar taron da kujeru babu kowa.

Yau kasuwar littafin takarda ta ja baya ƙwarai, rubutun ya koma cikin waya. Marubutan onlayin, yawancinsu mata, sun kafa ƙungiyoyi fiye da a ƙirga, kowace da tambarinta a saman shafi, suna tallata littattafan juna kamar yadda Raina Kama ta yi. Sai dai su matsin da ke kansu ya fi na magabatansu, don masu karatu na jiran sabon shafi kowane dare, kuma sun biya. Babin da aka rubuta da la'asar ana sakinsa bayan isha'i, babu wanda ya duba shi sai mai shi. Inda ake ɗan samun gyara na gaske yanzu shi ne lokacin gasa, musamman Hikayata ta BBC Hausa da aka fara a 2016. Ƙayyade yawan kalmomi da tsoron alƙalan da ba su san ka ba kan sa marubuciya ta tura wa ƙawarta labari ta ce, "Don Allah kar ki ji kunyata, ki faɗa mini gaskiya." Gasar kuwa sau ɗaya ake yin ta a shekara.