Motar Da Ke Shan Iska

A wani gareji wajen Madalla, inda Dutsen Zuma ke tsaye bakin titin Abuja zuwa Kaduna, na ga an kawo wa wani dattijon bakanike tsohuwar Fijo 504, haɗin Kaduna, inda kamfanin PAN ya fara aiki a 1975. Da an ɗage ƙafa daga totur sai ta kama kakkarwa, can ta mutu.

"Alhaji, iska take sha," bakaniken ya ce wa mai motar.

Injin fetur ma'auni gare shi: iska wajen kashi 15, mai kashi 1, bisa nauyi. Kafireta ce mai awon. Idan tiyo ya tsage, ko gasket, wato shimfiɗar da ke toshe tsakanin ƙarfe da ƙarfe, ya mutu, sai iska ta bi ta ɓarauniyar hanya. Haɗin ya tsinke kamar kunun da aka cika wa ruwa. A guje ba a cika ganewa ba. A silo, lokacin da injin ke aiki mota na tsaye, nan asiri ke tonuwa, don a nan zuƙar ta fi ƙarfi.

Dattijon bai taɓa sifana ba. Guntun tiyo ya ɗauko, baki ɗaya a kunnensa, ɗayan yana bi da shi lungu-lungu, yana neman wani siririn huci irin na maciji. Sai ya koma ga filaya, yana matse tiyoyin ɗaya bayan ɗaya, yana jiran wanda zai sa muryar injin ta sauya. Ya sa yaronsa ya taka birki, don sabo, tulun nan da ke sauƙaƙa takun birki, da zuƙar injin yake aiki, shi ma yakan yi yoyo.

Daga ƙarshe ya fesa maganin wanke kafireta kaɗan-kaɗan, yana kaffa-kaffa da wuta. Da feshin ya sauka kan wani tiyo a bayan kafireta, injin ya ɗaga murya. Ramin ya zuƙe maganin ke nan.

Mai gaggawa da sukudireba zai murɗa silo sama, kakkarwa ta ɓuya, ramin na nan, mai mota ya yi ta zuba kuɗi a gidan mai.

Dattijon ya lanƙwasa tiyon ya nuna mana: zafi ya busar da robar, tsagar ba ta kai faɗin farce ba. Ya yanke wurin, ya mayar, injin ya kwanta luf.