Zanen Dā da Motsin Yau

A cikin shekarar 2010, a wurin babban nuni na birnin Shanghai, mutanen Sin suka fito da wani aiki mai ban mamaki. Suna da tsohon zane wanda Zhang Zeduan ya yi wajen shekara 900 da suka wuce, na birnin Kaifeng da kogin da ya ratsa shi. Tsawonsa bai kai yadi 6 ba. Suka sa shi cikin kwamfuta, suka haska shi a bango mai tsawon fiye da yadi 100. Sai ga jirage na tafiya bisa ruwa, raƙuma na ratsa ƙofar gari, 'yan kasuwa na kai da kawowa.

Lalle aikin ya cancanci yabo, gama ko wanda bai iya karatu ba ya ga yadda mutanen dā suka zauna. Amma fa akwai aibi. Mai zanen rana ya zana, su kuwa suka ƙara dare da fitilu, har mai kallo ba ya iya rarrabe abin da Zhang ya zana da abin da aka ƙaga.

Wannan magana ta shafi Kano. A 1851, zamanin Sarki Usman, Bajamushen nan Barth, wanda ake kira Abdulkarim, ya hau Dala ya zana birni. Ya kuma yi taswirarsa, ga Jakara ta ratsa gari, ga kasuwa a bakinta. Zanen da aka buga cikin littafinsa a 1857 ya riga ya bi hannu biyu, don Bernatz ne ya gyara shi a Jamus, shi kuwa bai taɓa taka Kano ba. Yau siminti ya ɗaure Jakara, kamanninta sun sāke, saura shaidar takarda.

In wata rana aka sa wa zanen nan motsi, yaron Sabon Birni ko na Gwarzo zai gan shi a waya, ya ɗauka haka Kano take, ya kuwa faɗa wa 'ya'yansa. Ta haka zato ke zama tarihi.

Malaman dā sun bar hanya mai kyau. Mai juyar littafi ba ya cusa tasa magana cikin ta mawallafi, a gefe yake rubuta ta. To, haka ya kamata masu wannan sana'a su yi: a nuna zanen tsaye tukuna yadda mai shi ya bar shi, sa'an nan a motsa shi, a kuma bayyana kowane abu da aka ƙara.